ABIN DA KE SA KWAMFUTA TA MUTU TA TASHI DA KANTA IN AIKI YA YI NAUYI

Daga malamin darasin kwamfuta

Gabatarwa

A hutun zango na biyu, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai inda ya kai, na je Goronyo ziyara. A can na sadu da wani tsohon ɗalibinmu wanda ya gama makarantar nan shekarun baya, ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa. Yana buga wa mutane takardu, yana ɗaukar hoton fasfo, yana kuma haɗa bidiyon biki. Kuɗin da ya sayi kwamfutar, mahaifinsa ne ya ba shi daga cinikin albasar da ya noma a fadama. Bayan mun gaisa na ga fuskarsa babu walwala, sai na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Malam, kwamfutar nan ta hana ni barci. In takarda nake bugawa, sai ta yini ba abin da ya same ta. Amma da na sa ta fitar da bidiyo, ba ta yin minti goma sai allo ya yi baƙi, ta mutu, ta sake tashi da kanta kamar an danna mata maɓalli. Ga bidiyon bikin mutane yau mako biyu a hannuna, dangin amarya kullum sai sun aiko. Sau biyu ina biyan kuɗi a goge ta a sa sabon Windows, har takardun mutane suka salwanta. Yanzu kuma an ce sai na sayi sabon madabod."

Na ce masa, "Kada ka sayi komi tukuna. Kawo littafi da biro mu zauna."

Abin da muka yi cikin kwana biyu a shagon nan shi ne nake so in bayyana a wannan shafi. Magana ce da ta shafe mu duka. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibanmu na ajin ƙarshe dole su saba da na'urar. Sakamakon jarrabawar zango da lissafin kuɗin makaranta su ma a cikinta ake ajiye su. Wanda ya san inda zai duba in wannan matsala ta taso, ya tsare kuɗinsa, ya kuma tsare aikin mutane da ke hannunsa.

Me ake nufi da aiki mai nauyi?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san jakin da ke da ciwo a ƙafa. In babu kaya a bayansa zai yi tafiyarsa lafiya, ba mai ganewa. Ranar da aka aza masa buhunan albasa za a kai kasuwa, ranar ce zai durƙushe a hanya. Ciwon yana nan tun da, kayan ne kawai suka tona shi. Haka kwamfuta take.

Buga wasiƙa ko duba takarda ƙaramin aiki ne, ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira farosesa, kusan hutawa take yi. Amma haɗa bidiyo, da wasannin zamani masu hoto mai motsi, da zanen gini, da buɗe manhajoji masu yawa a lokaci ɗaya, waɗannan su ne buhunan albasa. A lokacin abu biyu ke hauhawa tare. Na farko, wutar da na'urar ke ja. Kwamfutar ofis da ke shan wat 30 zuwa 50 in ana buga takarda tana iya ninka haka sau biyu ko uku in aiki ya yi nauyi, kuma babban katin hoto shi kaɗai yana iya shan wat 150 ko fiye. Na biyu, zafi, domin kusan dukan wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa, dole kuma a fitar da shi waje.

Saboda haka idan kwamfuta tana lafiya a ƙaramin aiki, tana mutuwa a babba, wurare uku ya kamata a fara zargi: zafi, wuta, da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM. Mutane da yawa da zarar abu ya faru sai su ce bairos ne, a goge. Gogewa ba ta cire ƙura daga fanka, ba ta kuma ƙara wa akwatin wuta ƙarfi. Shi ya sa ɗalibin nan ya biya sau biyu a banza.

Mataki na farko: a lura, a rubuta

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a ɗauki sukudireba, a fara da ido da biro. Duk lokacin da kwamfutar ta mutu a rubuta amsar waɗannan tambayoyi. Wane aiki take yi? Minti nawa ta ɗauka kafin ta mutu? Da safe ne ko da tsakar rana? Da wutar gari take aiki ko da janareta? Me aka kunna a ɗakin a daidai lokacin? An ƙara mata wani sabon abu kwanan nan? Kuma allon ya nuna wani rubutu kafin ya ɗauke?

Amsoshin nan su ke nuna hanya. In fanka ta yi ta ƙara kamar za ta tashi sama, aiki ya riƙa jan ƙafa, sa'an nan na'urar ta mutu, kuma abin ya fi faruwa da rana, to zafi ne ake zargi. In kuwa ta ɗauke farat ɗaya babu wata alama, kamar an zare fulogi, to a duba wuta. In allo ya nuna rubutu mai sanar da kuskure kafin ta sake tashi, wannan ya fi kama da RAM, ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar. Wannan allon kuskure shekara da shekaru shuɗi ne, sai a 2025 kamfanin Microsoft ya mai da shi baƙi a Windows 11.

Sau da yawa rubutun yakan wuce kafin a karanta shi, domin an saita Windows ta sake tashi da kanta nan take. Ana iya hana ta. A shiga Advanced system settings, a nemi Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan in kuskure ya faru rubutun zai tsaya, sai a kwafe shi a littafi ko a ɗauki hotonsa da waya. Har wa yau, Windows tana da littafinta na ajiye labarin abin da ya same ta, ana kiransa Event Viewer. A ciki za a ga Kernel-Power mai lamba 41. Kada wannan ya ruɗi kowa. Abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Amfaninsa shi ne yana ba da rana da lokaci daidai, sai a gwada da abin da aka rubuta.

Akwai doka ɗaya da nake so kowane ɗalibi ya riƙe, ita ce kuma muke koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canza abu huɗu a lokaci ɗaya, ko da na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba. A kuma fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kafin komi, a kwafe muhimman takardu a filash ko wani faifai dabam, domin mutuwar farat ɗaya tana iya lalata abin da ake cikin adanawa.

Dalili na farko: zafi da ƙura

A ƙasar Sakkwato zafin rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Alhali yawancin kwamfutocin ofis, masu ƙera su sun rubuta cewa a yi aiki da su a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Tun daga nan mun fara da bashi. Ga kuma ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Fankar kwamfuta tana zuƙar iska dare da rana, duk ƙurar da ta shigo tana maƙalewa. Shi ya sa matsalar ta fi bayyana a bazara: hunturu ya cika ta da ƙura, bazara ta zo da zafi ta iske hanyar iska a toshe.

A kan farosesa akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari da yawa, da fanka a bisansa. Aikinsa shan zafi daga farosesa ya miƙa wa iska. Tsakanin su biyu akwai wani ɗan mai, mai kauri kamar kullu, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya wuce da sauƙi. In ƙura ta toshe haƙarƙarin, ko man ya bushe ya zama kamar alli, ko fanka ta gaji, zafi ba shi da hanyar fita.

Farosesar zamani tana da ma'aunin zafi a cikinta. In ta kusa digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta, in hakan bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya. Wannan yankewar kariya ce. Mutanen wannan yanki sun san irin wannan shawara mai ɗaci. A damunar 2010 ruwa ya cika Madatsar Goronyo har aka ji tsoron kada ta ɓalle, sai aka buɗe ƙofofinta a farkon watan Satumba. Ambaliyar shekarar ta ci gidaje da gonaki masu yawa a bakin Kogin Rima, har ta yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Babu wanda ke buɗe ƙofar madatsa don jin daɗi, ana yi ne don gudun abin da ya fi muni. Kwamfutar da ta kashe kanta saboda zafi ta zubar da aikin minti goma domin kada ta ƙone gaba ɗaya. Wanda ya yi ta sake kunna ta yana tilasta mata bai taimake ta ba.

Ga yadda ake dubawa. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp masu nuna zafin farosesa. A buɗe ɗaya, a sa aikin nan mai nauyi, a zuba ido. Digiri 70 zuwa 85 a tsakiyar aiki ba abin tsoro ba ne. In ya haura 90 ya ci gaba da hawa, an kama ɓarawo. Wanda ba shi da manhaja yana iya buɗe murfin gefe ya juya fankar ɗaki ta riƙa busa ciki. In na'urar ta daɗe fiye da da kafin ta mutu, ko ta daina, zafi ne.

Wajen gyara, a kashe, a zare fulogi daga bango, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin sauran wuta ta fita. A taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a sa hannu ciki, musamman da hunturu, domin irin tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota yana iya kashe ƙananan sassa. A fita da ita waje, a busa ƙurar da abin hura iska, a share da busasshen buroshi mai taushi. A riƙe fankar da yatsa lokacin busawa kada ta yi ta juyi da ƙarfi ta lalace. In za a canza man, a goge tsohon da ɗan sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mai da ƙarfen a ɗaure kusurwoyi huɗu daidai. Na ji ana sa man goge baki ko giris a maimakonsa. Kada a yi. Sa'an nan kada a ajiye kwamfuta a ƙasa inda ake shara, ko a cusa ta cikin kabad, ko a bar mayafi a kanta tana aiki.

Dalili na biyu: wuta

Maganar wuta kashi biyu ce, akwai ta waje, akwai ta ciki.

Ta waje ita ce wadda ke zuwa daga bango, wadda har yau muke kira wutar NEPA ko da yake an sauya wannan suna tun 2005. Ƙa'idarta a Nijeriya bolt 230 ce. Kowa ya san wani lokaci takan yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja. Kwamfutar da ke hutawa tana iya jure wannan, amma mai aiki mai nauyi ba lalle ba ne. Akwatin wutar kwamfuta yana iya riƙe ta ne na kusan kashi ɗaya cikin sittin na sakan in wuta ta ɗauke. Ƙiftawar da ido bai ma lura da ita ba ta isa ta sa na'ura ta mutu ta tashi.

Ƙaramin janareta, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Firinta mai aiki da garin tawada da injin fotokwafi kuwa suna da wani sashe da ke ɗaukar zafi kamar dutsen guga, kuma a lokacin da yake ɗumama yana jan ɗaruruwan wat a take. Za ka ji muryar janareta ta canza, a daidai lokacin kuma kwamfuta ta ɗauke. Haka firji da famfon ruwa suke yi in suna tashi. Sai kuma soket mai sako-sako, da wayar ƙari mai araha wadda fulogi ke rawa a cikinta. Araha ba ta ado. Gwajin nan mai sauƙi ne: a cire komi, a bar kwamfuta da allonta kaɗai a soket mai kyau, ko a kai ta inda wuta ke tsaye, a maimaita aikin.

Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama, amma ba ta da batir. UPS ita ce mai batir. Sai dai a sani, lambar da ke jikinta ba wat ba ce. Mai lamba 650 abin da take iya ɗauka bai wuce wat 400 ba, kuma ba a haɗa mata firinta mai garin tawada. Batirinta yakan gaji cikin shekara biyu ko uku, a ƙasa mai zafi ma kafin haka. In ana son gwada ta, a rufe duk wani aiki mai muhimmanci, a zare fuloginta daga bango. In kwamfuta ta mutu nan take, batirin ya gama.

Ta ciki kuwa ita ce akwatin wuta da ke bayan kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ke karɓar wutar bango ya mai da ita bolt 12, da 5, da 3.3, ya rarraba wa sassa. A nan ma madatsarmu za ta taimaka mana mu gane. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, an kuma gina ta domin ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ruwan sama yana zuwa ne a 'yan watanni, wani lokaci da yawa, wani lokaci kaɗan. Aikin madatsa ta tara shi, ta riƙa saki a hankali duk shekara, domin masu noman rani a fadamun Goronyo da Wurno da kuma masu shan ruwan famfo a birnin Sakkwato. A cikin akwatin wuta akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu gyaran fanka suna ce musu kwandansa. Su ne madatsar kwamfuta: suna tara wuta, suna saki daidai wa daida.

A farkon shekarar 2018 ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta riƙe. Dalilan da hukuma ta bayar sun haɗa da ƙarancin ruwan sama a 2017 da kuma yashi da laka da suka taru a ciki shekara da shekaru. Bangon yana nan yadda yake, adadin da ke rubuce a takarda bai canza ba, amma abin da za ta iya bayarwa ya ragu. Haka tsohon akwatin wuta yake. An rubuta wat 300 a jikinsa, amma kafasitocinsa sun bushe, ba ya iya ba da haka. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita, ka ga ke nan a ƙasarmu sun fi saurin tsufa. Yawancin kwamfutocin da muke saya kuma na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso mu.

Alamomin akwatin wuta mai rauni su ne mutuwar farat ɗaya a daidai lokacin da aiki ya yi tsanani, ƙaurin wuta, ko fankarsa ta tsaya. Mai gyara yana iya auna layin bolt 12 da mita yayin da na'urar ke aiki. Ƙa'ida ita ce kada ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6. Amma gwajin da ya fi tabbas shi ne a ari wani akwatin mai kyau a sa a gani. A kula, wasu kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni suna da nasu irin fulogi na ciki, ba kowane akwati ke shiga ba, saboda haka a tafi da tsohon kasuwa.

Gargaɗi biyu a nan, kuma da babbar murya. Kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe cikin akwatin wuta. Manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare fulogi. Na biyu, wasu tsofaffin akwatuna, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Namu 230 ne. In aka bar shi a 115 aka haɗa da wutarmu, nan take zai ƙone.

Dalili na uku: RAM, katin hoto da direbobi

In zafi daidai ne, wuta kuma daidai, sai a juya ga RAM. Ita ce kamar teburin da farosesa ke baza takardunta a kai. A ƙaramin aiki gefe ɗaya kawai ake amfani da shi, sai babban aiki ya zo a kai ga wurin da ya lalace. A zare sandunan RAM, a goge bakinsu mai ruwan zinariya a hankali da roba mai goge fensir, a busa ramin, a mai da su har a ji sun ce ƙas. In sanda biyu ne, a gwada da ɗaya ɗaya. Windows tana da nata gwaji mai suna Windows Memory Diagnostic, akwai kuma MemTest86 wanda ake bari ya kwana yana aiki. Kuskure ko ɗaya ne ya nuna akwai matsala.

Katin hoto shi ma yana da fankarsa da ke toshewa, yana da direbansa da ke iya rikicewa. In matsalar ta fara ne bayan an sabunta direba, a koma wa tsohon. In wani ya taɓa saitin BIOS domin ƙara wa na'ura gudu, a mai da shi yadda ya fito daga kamfani. Sai bayan duk waɗannan ne ake zargin madabod, wato babban farantin da komi ke zaune a kansa. A haska shi da tocila a duba kafasitocinsa. Mai lafiya kansa a shafe yake, wanda ya lalace yakan kumbura ko ya zubo da wani abu mai launin tsatsa.

Yadda ta kaya a Goronyo

Da muka cika littafinmu sai abu biyu suka fito. Na farko, zafin farosesa yana haura digiri 90 cikin 'yan mintoci. Muka buɗe, muka iske ƙura ta yi kamar bargo a kan ƙarfen shan zafi, man kuma ya bushe. Muka share, muka sa sabo, zafin ya sauka ƙasa da 80. Ɗalibin nan ya fara murna, na ce masa ya dakata. Muka sake sa bidiyon, ta yi kusan rabin sa'a, sai ta sake ɗaukewa, wannan karon babu ƙarar fanka, babu rubutu.

Muka cire firinta da injin fotokwafi, muka kai ta shagon maƙwabcinsa mai wutar sola, abin bai canza ba. Sai na koma kan tambayar da ke littafin: an ƙara mata wani abu? Ya ce, "Af, Malam, na manta. Watanni uku da suka wuce na sa mata katin hoto domin bidiyo ya riƙa sauri." Muka duba jikin akwatin wutar, ɗan ƙarami ne na kwamfutar ofis, ba a yi shi don ɗaukar irin wannan kati ba, ga shi kuma ya tsufa. Muka zare katin, muka sa bidiyon. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, amma ya fita har ƙarshe. Da yamma ya kai wa dangin amarya kayansu. Bayan mako ɗaya ya je Sakkwato ya sayo akwatin wuta mai ƙarfin da ya dace, ya mai da katin. Madabod ɗin da aka ce ya mutu yana nan yana aiki.

Abin lura a nan shi ne ciwon biyu ne a jiki ɗaya. Da mun tsaya a kan ƙura, da mun ce gyaran bai yi ba. Da mun fara da sayen kaya, da an kashe kuɗin albasa a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Ina ba ɗalibai da 'yan'uwana malamai da duk mai kwamfuta a gida ko a ofis shawara a busa ƙurarta aƙalla sau biyu a shekara, musamman a ƙarshen hunturu kafin bazara ta shigo. A riƙa yin aiki mai nauyi da sassafe ko da dare. Kada a ƙara mata kati ko faifai sai an duba ƙarfin akwatin wutarta. Mai shigar da sakamakon jarrabawa ya riƙa adanawa a kai a kai, ya kuma ajiye kwafi a wani wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan ƙungiyar kwamfuta ta makaranta, na sa littafi a kan teburin ɗakinmu. Duk wanda na'ura ta mutu a hannunsa, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Ya rubuta lambar na'urar, da rana, da lokaci, da aikin da yake yi, ya sanar da malami. Za mu yi sharar farko a makon farko na zango mai zuwa, kowa ya zo da buroshinsa. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kuma ba 'yan ajin ƙarshe sa'a a jarrabawarsu.